Layar da Metir Bai Binne Ba

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata da hantsi muka kai ɗan gwaggona makwancinsa, wanda duk Zongo da rabin Lome ke kira Metir, wato malamin wasanni. Ya girme ni da shekara tara ko goma. Babu takardar da ta tabbatar, gwaggo ce kawai ke cewa ya fara ɗaukar tulu lokacin da aka haife ni. Taubashina ne, saboda haka na zage shi ya zage ni tsawon rayuwarmu, ba wanda ya taɓa kai ƙara.

Ban yi zaton za a taru haka ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin rumfar kwano yana ɗinkin takalma da ƙwallo, sai ga motoci sun cika layinmu har mai koko ta janye teburinta. Tsofaffin 'yan wasansa ne. Wani ya yi tumbi, wani ya yi sanƙo, wani ya zo da kayan duwan, wato kwastan, a jikinsa. Wanda ya yi masa kyaftin shekarar ƙarshe, mutumin unguwar Bè ne kuma Kirista, ya tuɓe takalmansa tun daga bakin titi, ya tako ƙasa mai zafi har tabarmar malamai.

Ya durƙusa ya ce, "Baba Liman, mu 'yan coci yaya za mu yi masa addu'a?"

Liman ya ce, "Zauna ka ce amin. Nan ba a tambayar katin jam'iyya."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, sannan kowa ya waiwaya ya ga wa ke bayansa, kamar yadda muka saba.

Bayan an shafa fatiha hira ta ɓalle, kuma na san inda za ta je. Wani tsohon tela ya gyara zama ya ce, "Allah ya yafe masa, har da abin nan na filin wasa."

Wani dillalin shanu ya ce, "A yafe me? Ai aikin ya ci. Ka manta fenaritin da aka kama?"

Kyaftin ya girgiza kai. Ya ce, "Ni har yau ban gane ba. Mutumin da ya taɓa kwance mini guru daga ƙugu ya rataye a bishiya, ya ce in ɗauka bayan wasa, shi ne zai je ya haƙa rami ya binne laya? Na yi shekaru ina juya abin nan a kaina."

A nan ne babban ɗana ya miƙe ya fita. Daga Kwatano ya zo, can yake tuƙin babbar mota. Shi ne mai tsaron gidan da ya kama fenaritin. A maƙabarta ma nesa ya tsaya, bai sa hannu a makara ba, bai zuba ƙasa ba.

Akwai goro a bakina a lokacin. Na kasa taunawa, na kasa tofarwa.

Ni na binne layar nan. Metir bai san da ita ba sai da aka ajiye ta a gabansa a kan tebur. A kanta aka kore shi daga aiki, a kanta ɗana ya bar ƙwallo ya kuma daina gaishe shi da zuciya ɗaya. Ni mahauci ne, ban iya magana cikin taro ba, karatuna kuma allo ne da ɗan boko na manya da na tsinta daga baya. Shi ya sa na zauna na rubuta, don Liman ya karanta ranar sadakar arba'in. Na san ƙasar ba ta canja ba, hoton Shugaban da ke rataye a ofisoshi a wancan lokaci shi ne rataye yau. Amma na tsufa, kuma na ga ana shirin barin mutumin nan da sunan da ba nasa ba har abada.

Bari in fara da shi, don ba nawa ba ne wannan zama.

Mahaifinsa, mijin gwaggo, baduku ne a tsohon Zongo, kafin a tashe mu a kawo mu nan. Tun yana ƙarami Metir ya iya riƙe basilla. Ya ɗinka kube, ya ɗinka jaka, ya ɗinka wa layu riga har ya gaji. Yadda ƙwallo ta shige shi, wannan ban sani ba, kuma na yi nadamar rashin tambaya. Abin da na sani, ya gudu Kumasi yana saurayi, ya yi shekaru yana buga wa wata ƙungiya, ya dawo da gwiwa ɗaya a kumbure da Turancin Ingilishi da ba wanda ke buƙata a Lome. Faransanci a titi ya koya, ya je ya zauna jarrabawa tare da yaran da a haife ya haife su, ya ci. Aka ba shi aikin malamin wasanni a wata kwaleji ta gwamnati, wadda ba ta taɓa cin ko kofin shayi ba.

Shekara goma sha huɗu ya yi a can.

Ba ya ba da umarni, tambaya yake yi. Yaro ya buga ƙwallo ta tafi daji, ba zai zage shi ba, sai ya tako a hankali da ɗingishinsa ya ce, "Wa ka aika wa? Akwai ɗan'uwanka a cikin rogon can?" In za a yi bugun kusurwa sai ya tsayar da kowa ya ce, "Ina za ta faɗi?" Kowane yaro ya je ya tsaya inda yake zato. Wanda ya yi kuskure ya zaga fili sau ɗaya. Ya ce mini ƙafa kowa na da ita, abin da yake nema shi ne yaron da ke son sanin abin da zai faru.

A ƙungiyarsa akwai 'yan Bè, akwai 'yan ƙabilar Kabiye, akwai Kotokoli, akwai namu na Zongo. Yana yi musu magana da Faransanci, yana lallashi da yaren Mina, amma in ransa ya ɓaci da Hausa yake zagi. Na tambaye shi dalili, ya ce iyayen yaran na tsaye a bakin fili, kuma mafi yawansu ba sa ji. Abin da bai lissafa ba shi ne yaran za su koya. Ranar makokin nan na ji wani babban ma'aikaci ɗan Kabiye yana ce wa abokinsa "sakarai, ƙafar katako," da muryar Metir sak.

Lokacin da aka fara ɗauke ɗalibai ranar Laraba da yamma don animasiyon, wato rawa da waƙar yabon Shugaban Ƙasa, ranar atisayensa ce aka cinye. Wasu malamai sun yi gunaguni a ɓoye. Shi kuwa ya je ya tsaya ya kalli rawar daga farko har ƙarshe, hannu a haɓa. Washegari ya ce wa daraktan kwaleji yana so a sa 'yan ƙwallonsa a layin gaba, inda ake tsalle da durƙuso. Darakta ya yi murna, ya rubuta sunansa cikin masu kishin ƙasa. Metir ya ce mini, "Awa biyu suna ɗaga gwiwa har ƙirji, ana kaɗa musu ganga, ba wanda ya ce ya gaji. Ni da na sa su haka da sun kai ni ƙara." Har yau ban san ko wayo ne ko tsoro ne ko duka biyun ba. Haka yake. In ka ba shi abu, sai ya juya shi ya ga me ke ƙarƙashinsa.

Ɗana kuwa a teburina ya tsince shi. Wata rana ya zo sayen nama, ko in ce ya zo karɓa, don taubashi ba ya saye. Ina yanka, hanta guda ta zame daga bakin tebur. Yaron na tsugune a gefe, ya miƙa hannu ɗaya ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, bai ko matse ta ba. Metir ya matso. Ya ɗauki hantar ya sake sakinta, yaron ya sake kamawa.

Ya ce, "Mahauci, wannan ɗanka ne kuwa? Kai da ko kwarya ba ka iya riƙewa."

Na ce, "A wurin uwarsa ya gado, ita ke kama ni kullum."

Shi ya yi ta zirga-zirga har yaron ya shiga kwalejin. Shi ya ɗinka masa safar hannu da fatar akuya, ya goge tafin da ƙasa don kada ya yi santsi. Abin da yake gaya masa kullum kalma biyu ne: "Hannunka ya isa." To uku ne, amma shi biyu yake cewa.

Rigimarmu ɗaya ce tun fil azal, ita ce laya. A lokacin babu ƙungiyar da ke shiga fili a Lome ba ta biyo ta Zongo ba. Masu zuwa coci da masu zuwa wurin bokayen Bè duk suna da malaminsu a unguwarmu. Metir kaɗai ya ƙi. Ba wai ba ya salla ba, sahun farko yake. Yakan ce, "Ban raina ayar Allah ba. Na raina mai son aya ta yi masa gudu yana tsaye."

Wata rana a zauren gwaggo na matsa masa. Na ce kowa na binnewa a raga, mu kaɗai muke zuwa tsirara.

Ya ce, "To tsaya in tambaye ka. Layar ta san ana canja gefe bayan hutu?"

Na ce, "Kamar yaya?"

"Ka binne ta a raga. Rabin wasa ɗanka ne a ciki. Ɗaya rabin ɗan wani ne. Wa take yi wa aiki?"

Na ce, "Malamai sun ce tana gane mai ita."

"Da me? Da lambar riga ko da wari? In da wari ne kun tsira, warin gidan mahauta ba ya ɓuya."

Gwaggo ta jefe shi da mafici. Ni kuwa maganar ta zauna mini, kuma za ku ga inda ta kai ni.

A shekararsa ta ƙarshe kwalejin ta kai wasan ƙarshe na gasar makarantu, karon farko. Amma a wasan da ya kai su can, ƙwallo biyu masu sauƙi sun zame daga hannun ɗana, da ƙyar aka tsira. Mako guda ba a bar ni na sha ruwa a kasuwa ba. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "A rage wa yaron nan kitse, hannunsa na santsi." Yaron kuwa yana cin abincinsa yana zuwa atisaye. Ni ne na kasa. Yanzu na gane ba don shi na ji tsoro ba, don bakin 'yan kasuwa ne.

Akwai wani malami baƙo da ya sauka a unguwa daga arewa. Na kai masa cinyar rago. Ya rubuta, ya naɗe, ya ce a yi mata riga da fatar ƙwallon da yaran suka taɓa bugawa, a binne a gindin raga. Na tafi gidan Metir lokacin da na san yana makaranta. Matarsa ta kawo mini ruwa. A gindin mangwaron tsakar gida akwai tulin fasassun ƙwallaye da yake kawowa gida ya ɗinke. Na ce ina son fata in yi kube, na ɗauki guda.

Da na zo yankawa sai na tuna tambayarsa: da me za ta gane mai ita? Na juya ƙwallon, na ga inda aka buga hatimin kwaleji da baƙin tawada. Na ce alhamdulillahi, ga amsa. Wurin na yanka. Na ɗinke layar da hatimin a waje, ina jin na fi Metir wayo sau ɗaya a rayuwa.

Babban filin da ake wasan ƙarshe yana da raga biyu kamar kowane fili, ɗaya ta gefen teku, ɗaya ta gefen gari. Ana gobe wasa, da hantsi, ma'aikata na zuba farar ƙasa a kan layi. Na kai musu balangu mai zafi a takarda. Suka koma inuwa suna ci suna sa mini albarka. Na zaga, na durƙusa kamar mai gyara takalmi, na haƙa da wuƙata a gindin ƙarfen raga, na tura, na taka.

Wasan kowa ya san shi. Aka tafi hutu ba ci. Bayan hutu muka ci ɗaya. Saura kaɗan a tashi alƙali ya ba su fenariti, a ragar gari. Ɗana ya faɗa hagu ya rungume ta a ƙirji. Aka ɗauko shi a kafaɗa tun daga fili har Zongo. Metir na biye a baya da ɗingishinsa, yana riƙe da takalman yaran da suka zubar.

Kwana huɗu muka yi muna murna. A makon ne za a yi babban bikin jam'iyya a wannan fili, Shugaban Ƙasa zai zauna. Sojoji suka rufe wurin suna kafa rumfuna, suna duba kowane taku. Suka ga inda ƙasa ta lotsa. Suka tono abu ɗinke da fata, da rubutun Larabci a ciki, a filin da Shugaba zai taka. Wanda ya yi zamanin nan ya san ba a buƙatar fiye da haka. Ga kuma hatimin kwaleji a jiki, ba sai an yi bincike ba.

Da rana tsaka jandarma biyu suka je filin makaranta. Kyaftin ya ce Metir ya cire usur daga wuyansa ya rataya masa, ya ce, "Ku ƙarasa, saura zagaye uku," ya bi su.

Kwana tara ya yi a tsare. Kowace safiya ina fita kasuwa ina jiran a zo a tafi da ni. Ina wasa wuƙa ina kallon hanya. Sau biyu na kama hanyar komisariya, wato ofishin 'yan sanda, sau biyu na tsaya a wurin mai gyaran keke na dawo. A rana ta shida matarsa ta zo ta tsaya a gaban teburina. Ba ta sayi komai ba. Na yanko tsoka mai kyau na miƙa mata. Ta dubi naman, ta dube ni, ta tafi.

Darakta ya yi ƙoƙari, wannan dole a faɗa. Ya je ya rantse cewa abin ƙwallo ne ba na siyasa ba. Aka sako Metir da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da takarda mai cewa an sallame shi don ya shigo da tsafi makarantar gwamnati, kuma kada a sake ganinsa a kowane filin wasa. Ya sa hannu cewa shi ya binne.

Na je gaishe shi tare da jama'a, na ɓuya a bayan mutane. Ya hango ni. Ya ce, "Mahauci, matso. Ni aka kulle, kai ka rame?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Tunda sojoji sun rufe filin, ba wanda ya ga inda aka tono. Sai gari ya yanke wa kansa hukunci: a ragar da aka kama fenariti ne, ina kuma? Masu cewa hannun ɗana na da kitse suka koma cewa ashe ba hannunsa ba ne. Ɗana ya je wurin Metir sau ɗaya. Matar ce ta ba ni labari daga baya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Metir, gaskiya ne?" Metir ya ce, "Na sa hannu a takarda cewa ni ne." Yaron ya ajiye safar hannun a kan tabarma ya fita. Bai sake tsayawa a raga ba. Mutumin da ya yi shekaru yana ce masa hannunsa ya isa, ashe a ɓoye bai yarda ba. Haka ya ɗauka, kuma ina gida ɗaya da shi ina kallo.

Metir ya koma basillar mahaifinsa. Ya ɗan zauna a unguwar Bè-Kpota wajen wani tsohon ɗalibinsa, da aka tashe mu ya biyo mu nan ya kafa rumfa. Takalma, jakunkuna, ƙwallayen unguwa. Laya kaɗai ba ya ɗinkawa. Ranar wasa yakan kara rediyo a kunnensa mai ji, yana yi wa 'yan wasan da ba ya gani tambaya: "Wa ka aika wa?" Bai sake shiga fili ba, ko da aka manta da takardar. Kowace Babbar Salla ina aika masa cinya. Yana karɓa, ya aiko a ce mini ragon ya tsufa.

Abin da ya fi damuna duk shekarun nan ba tsoro ba ne, son sani ne. Ya san ni ne? In ya sani, me ya sa ya ɗauka? Me ya sa bai taɓa ko nuna mini a fuska ba? Nakan zauna a rumfarsa muna cin goro, ina leƙen fuskarsa kamar mai duba dabba kafin saye, ban taɓa ganin komai ba.

Kwana goma sha ɗaya kafin rasuwarsa na je duba shi bayan la'asar. An fito da shi tsakar gida ya sha iska. Ya ce wa matarsa ta ba mu wuri. Ya juyo da kunnensa mai ji.

Ya ce, "Mahauci, abu ɗaya nake son sani kafin alƙali ya busa. Wace raga ce?"

Na ce, "Yaya Metir..."

"Yau na zama Yaya? Bar wannan. Sun tambaye ni a can, wace raga ka binne. Ni ban sani ba. Na ce musu duka ɗaya ne tunda ana canja gefe. A nan na rasa kunnen nan. Shekara nawa ina son in tambaye ka, na ce bari in bar shi ya zo da ƙafarsa. Ba ka zo ba. To, teku ko gari?"

Na ce, "Teku."

Ya rufe ido, leɓunansa na motsi. Na zaci addu'a yake. Ashe wasan yake sake bugawa.

Ya ce, "Kafin hutu yaronmu ne a teku. Iska na bayanmu, sau biyu kawai ya taɓa ƙwallo. Bayan hutu ya koma gari." Ya buɗe ido. "Ƙwallon da muka ci, a wace raga ta shiga?"

Na ce, "Teku."

"Ta kan layarka ta wuce?"

"Ta kanta."

Ya fara dariya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa ta fito da gudu da kofi. Yana share hawaye yana cewa, "Shekara goma sha huɗu na aiki, da kunne guda, a kan layar da ko ragarta ba ta tsare ba. Kai, mahauci, ko tsafi ba ka iya ba."

Ni ban yi dariya ba. Na san teku ce tun ranar farko. Amma na yi ta gaya wa kaina ta yi aiki daga nesa, don in na yarda ba ta yi komai ba, to na salwantar da aikin mutum a banza.

Na ce, "Me ya sa ka ce kai ne?"

Ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda. Ya ce, "Ni ke tambaya, ba a tambayata. Je ka faɗa wa yaron. A gari ya kama ta, babu komai a ƙarƙashinsa sai ƙasa."

Na ce zan aika Kwatano. Ban aika ba. Na ce sai ya ɗan samu sauƙi. Wannan ma ku rubuta a kaina.

Ranar sadakar uku matarsa ta kira ni ɗaki, tana cikin takaba. Ta turo mini wani ƙulli da ƙafa. Safar hannun ɗana ce, ta bushe ta ƙanƙance. Ta ce in kai masa, in faɗa masa gaskiya.

Na ce, "Hajiya, ashe kin sani."

Ta ce, "Ni na ba ka ruwa ranar, ka manta? Ina kallo ka ɗauki ƙwallon."

Na tambaye ta ko ya taɓa gaya mata dalili. Ta ce sau ɗaya, ranar da ya dawo. Ya ce shi ma'aikaci ne, yana da abin da za a karɓe masa, wato aiki. Mahauci kuwa ba shi da abin da za a karɓa sai shi kansa, kuma in aka matsa masa zai kira sunan malamin, malamin ya kira na maigidan da ya sauke shi, kafin Juma'a rabin Zongo na tsare. Wataƙila haka ne. Ni kuma wani lokaci ina zaton da ya ga hatimin a waje ya gane amsar tambayarsa ce na ba shi, ya ga da hannunsa a ciki. Ban sani ba. Ya tafi da wannan, kuma na tabbata da gangan.

Na sami ɗana a tasha yana duba tayoyin motarsa zai koma. Na faɗa masa duka a tsaye, rana na dukanmu, ban tsallake komai ba. Na miƙa masa safar. Ya gwada sa hannu, yatsu uku kawai suka shiga.

Ya zare yatsunsa. Sannan ya ce, "Hagu na faɗa. Metir ya gaya mini tun ana saura mako, mai bugun nan in ya kalli dama, hagu zai buga. Ya je ya kalli wasansu sau uku don wannan kawai." Ya juya safar a hannunsa. "Na san haka, Baba. Na sani, amma na bar mutane suka gaya mini wani abu."

Ya kulle motar. Ya ce, "Wane layi ne kabarin? Na tsaya nesa, ban gani ba."

Muka tafi tare a ƙafa. Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba tukuna. Na tsaya a bakin hanya, shi ya ƙarasa, ya durƙusa ya daɗe.

Allah ya yalwata wa Metir makwancinsa, ya mayar masa da jinsa, ya ba shi amsar duk abin da ya yi ta tambaya. Ku kuma da ke zaune kuna saurare, ina roƙon abu ɗaya. In za ku yi masa addu'a, ku daina ƙarawa da "har da abin nan na filin wasa." Ba shi da buƙatarta. Ku ajiye ta, tawa ce, kuma ba za ku daɗe kuna ajiya ba.